Yadda Ake Sake Kallon Fim Ɗin Barkwanci, da Yadda Ake Zama da Wanda Bai Yi Dariya Ba

A kusan duk gidan da aka taɓa ajiye na'urar bidiyo, akwai kaset ko faifai guda ɗaya da ya fi sauran shan wahala, wanda aka yi ta sakawa har ya kakkarce yana maƙalewa a tsakiya, kuma idan aka bincika sau da yawa za a tarar fim ɗin barkwanci ne. Mutanen gidan sun haddace shi, sun san inda za a faɗi da inda za a ranta a na kare, amma duk ranar da aka sake kunna shi dariyar da ake yi takan fi ta ranar farko ƙarfi. A cikin gidan nan kuma ba a rasa mutum ɗaya da yake zaune fuska a murtuke, yana mamakin abin da ya sami 'yan uwansa. Bayanin da ke tafe ya shafi yadda mutum zai gane fim ɗin da ya cancanci a koma masa kuma ya ci moriyar komawar, sannan da yadda zai yi da wanda abin bai ba shi dariya ba, ba tare da an ɓata zama ba.

Fara da gano inda dariyar take

Ba kowane barkwanci ne yake jure maimaici ba. Akwai wanda duk ƙarfinsa yana cikin bazata, wato an ja hankalinka gabas sai aka ɓullo maka ta yamma. Irin wannan kamar kacici-kacici yake, da zarar ka ji amsa an gama, kuma ko an sake yi maka shi gobe sai dai ka yi murmushin kara. Akwai kuma wanda ƙarfinsa yake cikin halin mutumin da ake nunawa, da yadda yake sarrafa jikinsa, da lokacin da ya zaɓa ya yi magana ko ya yi shiru. Wannan na biyun ne yake ƙara armashi idan an koma masa, saboda a karon farko hankalin mai kallo yakan tafi wajen bin labari, ba ya samun sukunin lura da waɗannan abubuwa.

Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce ka gwada ba wani labarin fitowar da ta ba ka dariya. Idan ka faɗa masa da bakinka kuma ya yi dariya daidai da wadda ka yi, to dariyar a cikin maganar take, ka riga ka kwashe ta, babu abin da ya rage a fim ɗin da za ka koma nema. Idan kuwa ka fara ba da labarin sai ka ji ya yi lami a bakinka, har ka ƙare da cewa, "Kai, abin ba ya faɗuwa, sai dai ka gani da idonka," to ka sami fim ɗin da ya cancanci kallo na biyu da na uku.

A ɗauki misalin fitowa irin wadda aka saba gani a finafinan camama. Maigida yana zaune a zaure yana shan fura sai ya jiyo muryar mai binsa bashi, nan take ya naɗe kansa cikin tabarma ya jingina a lungu, ya bar yaronsa ya ce ai tun shekaranjiya ya yi tafiya. A kallon farko kowa jira yake ya ga ko asiri zai tonu, kuma dariyar takan fashe ne a lokacin da tabarma ta yi atishawa. A kallo na biyu ka riga ka san atishawar tana tafe, saboda haka idonka ya sami 'yancin yawo, sai ka lura cewa mai bin bashin tun shigowarsa ya ga takalman maigidan a bakin ƙofa, ya ga kwanon furar da ludayi a ciki, ya tsaya kamar daƙiƙa ɗaya, sannan ya cire hula ya zauna. Daga nan duk abin da ya yi ya sami sabuwar ma'ana: jawo kwanon furar da ya yi gabansa, da jingina bayansa da ya yi a jikin tabarmar, da doguwar hirar da ya ɗauko wa yaron a kan zafin bana. A karon farko ka ɗauka wawa ne da ake yaudara, a karo na biyu ka gane shi ne yake gasa wa maigidan aya a hannu. A kallo na uku kuwa ba za ka kalli kowa ba sai yaron, wanda ya san maigidansa yana shaƙewa a cikin tabarma kuma ya san baƙon ya gane, amma dole ya ci gaba da amsa hira da "haka ne, Alhaji." Fitowar guda ce ba ta canja ba, amma ta ba ka dariya uku daban-daban, kuma ta ukun ta fi daɗewa a ciki.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wajen Bahaushe, domin tun kafin fim haka muke sauraren abin dariya. Yaron da yake roƙon kakarsa ta sake yi masa tatsuniyar Gizo ya san sarai cewa wayon Gizo a kansa zai ƙare, abin da yake jira shi ne ya ji tsamin bakin Gizo a muryar kakar, kuma idan ta tsallake wurin sai ya dawo da ita. Haka 'yan kama, waɗanda suke ɗaukar salon karatun malamai ko waƙar wani makaɗi su juye shi ya koma zancen tuwo da miya, ba sa ba da dariya sosai sai ga wanda ya san asalin abin da ake kwaikwaya. Da sanin ake yin dariyar tasu. Marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, a kan wannan turba ya gina sunansa: finafinansa suna da yawan gaske, yau ya fito a wannan sana'a gobe a waccan, amma mutumin da ke cikin rigar ɗaya ne, mai cika baki, mai wayon da ba ya kai shi ko'ina, wanda yakan fi kowa gudu idan ta ɓaci. Masu kallo sun san shi kamar yadda suka san wani maƙwabcinsu, shi ya sa sukan fara dariya tun yana tahowa daga nesa, bai ce uffan ba.

Masana halayyar ɗan Adam ma sun taɓo gefen wannan. A 1968 Robert Zajonc na Jami'ar Michigan ta Amurka ya nuna cewa yawan ganin abu kaɗai, ko da kalma ce marar ma'ana ko hoton fuskar da ba a sani ba, yakan sa mutum ya ƙara jin abin ya kwanta masa. Ashe sabo da kansa yana da nasa daɗin, kuma idan ya haɗu da ɗan wasan da ya iya aikinsa, jiran abin da ka san yana zuwa yakan fi zuwansa ban dariya.

Abin da za ka yi a kallo na biyu

Kallon farko ka bar shi ya tafi yadda ya so, kada ka tsayar, kada ka koma baya. Aikin yana farawa ne daga na biyu, kuma muhimmin abu a cikinsa shi ne ka ɗauke idonka daga kan mai magana ka mayar kan mai sauraro. Kusan kowane ɗan barkwanci yana da abokin wasa wanda aikinsa shi ne ya tsaya a matsayin mai hankali, ya yi tambayar da za ta ba wancan damar yin wauta, sannan ya karɓi wautar da fuskarsa. Ba a cika yaba wa irin waɗannan 'yan wasa ba, alhali rabin dariyar a hannunsu take, domin wauta ba ta fitowa fili sai an ajiye ta kusa da hankali. Ka duba yadda yake buɗe baki zai yi magana sai ya fasa, da yadda yake duban sama kamar mai neman agaji, da yadda yake matsawa kaɗan-kaɗan don ya nisanta kansa daga abin kunyar da ke tafe.

A finafinan camama akwai wata riba ta musamman a nan. Galibi ba a rubuta wa 'yan wasan kowace kalma ba, akan faɗa musu abin da ake so ya faru ne su kuma su cike sauran da bakinsu, saboda haka sau da yawa maganar da ta ba ka dariya ita ma abokan wasan a lokacin suka fara jin ta. Idan ka zuba ido za ka kama wani yana cije leɓe, wata ta ja mayafi ta rufe baki, wani can baya ya juya wa kyamara ƙeya kafaɗunsa suna rawa. Mai neman fim tsaf-tsaf zai kira wannan kuskure, amma ni a wajena yana cikin abubuwan da suka fi komai daɗi a kallo na uku, domin kamar an buɗe maka ƙofa ne ka shiga wurin ɗaukar fim ɗin ka zauna tare da su.

Bayan ido sai kunne. Ka zaɓi fitowa ɗaya da kake so, ka kifa wayar ko ka juya wa talabijin baya, ka saurare ta kawai. A nan ne za ka ji karin harshe, wato inda aka karkata zuwa Sakkwatanci ko Katsinanci don a fito da wani hali, da inda aka ja wasali ya yi tsawo, da inda aka sa kalmar girmamawa a wurin da ake nufin raini. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda aka fi sani da Samanja Mazan Fama, tsohon soja ne da ya yi suna a rediyo da talabijin na Kaduna, ya kuma rasu a watan Nuwamba na 2023, kuma babban makaminsa shi ne Hausar bariki, wadda ake cakuɗa ta da Turancin sojoji ana furta ta da tsawa. Mutane da yawa sun yi shekaru suna dariyarsa a rediyo ba tare da sun ga fuskarsa ba, wanda ke nuna yawan abin da murya kaɗai take ɗauke da shi. Sannan ka gwada akasin haka, ka kashe sautin ka kalli jiki zalla. Ɗan wasan da ya ƙware zai ba ka dariya ko ba ka jin abin da yake faɗa, ta hanyar tafiyarsa da zaman hularsa da abin da yake yi da hannuwansa.

Akwai kuma shirun da ke zuwa kafin amsa, wanda a ganina shi ne ma'aunin gwaninta. Idan aka jefa wa ɗan wasa tambaya, ka ƙirga a zuciyarka tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya amsa. Da ya amsa nan take da maganar ta wuce kamar kowace magana, da ya ƙara jinkiri kaɗan da ta huce. Wanda ya san amsar tun daga kallon baya shi ne kaɗai yake iya jin daɗin wannan shirun, domin shi ya san abin da ake riƙewa.

Duk wannan ba zai yiwu ba idan gutsuren fim kake kallo. Gajerun bidiyoyin da ake yaɗawa a TikTok da Facebook da WhatsApp sukan yanko ƙarshen fitowa ne kawai, wato atishawar tabarma ba tare da ganin takalma ba, kuma sau da yawa akan ɗora musu sautin dariyar gwangwani da kiɗan da yake danne maganar. Suna da amfani wajen tuna maka da fim, amma idan ka ga gutsuren ya burge ka, ka nemi cikakkensa a YouTube ko wajen masu tura finafinai a waya. Barkwancin da yake dawowa a kai a kai cikin fim, kamar wata kalma da mutum yake maimaitawa duk lokacin da ya shiga uku, ba ya aiki sai ka ji na farko da na biyu kafin na biyar ya zo.

In da hali, kallo na biyu ka yi shi cikin mutane. Robert Provine, wani masani a Jami'ar Maryland ta Amurka da ya daɗe yana nazarin dariya, ya gano cewa mutum yakan yi dariya kusan ninki 30 idan yana tare da wasu a kan idan yana shi kaɗai. Ya kuma bi diddigin dariya 1,200 da mutane suka yi a hirarsu ta yau da kullum, ya tarar tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ne kawai suka biyo bayan wata magana mai kama da barkwanci, sauran duk maganganu ne na yau da gobe. Wanda ya taɓa zama a gidan kallo ko a teburin mai shayi ya san wannan ba sai an faɗa masa ba, domin akwai mutumin da dariyarsa ta fi fim ɗin ban dariya. Daga irin wannan zama ne kalmomin fim suke fita su shiga bakin 'yan gida, har ya zama idan wani ya fasa kofi sai a jefa masa maganar da aka ji a fim, kowa ya tuntsire, baƙon da ke wurin ya rasa gane abin da ake ciki.

Tazara, da sanin lokacin ajiyewa

Zuma ma idan aka yi ta sha takan gundura. Kada ka maimaita fim washegarin ranar da ka kalle shi, ka bar makonni su wuce, har ka manta jerin fitowar amma ba ka manta halayen mutanen ba, domin a wannan gaɓar ce sabo da bazata suke haɗuwa. Alamar cewa lokacin ajiyewa ya yi ita ce ka sami kanka kana tura fim ɗin gaba don ka isa wuri biyu ko uku da kake so. Idan ka kai nan, ka rabu da shi shekara guda.

Wani lokaci kuma komawar takan rage wa fim daraja, kuma ya kamata a yarda da hakan idan ya faru. Akwai finafinan da muka yi wa dariya muna yara, waɗanda idan aka sake kallonsu yanzu sai a ga duk abin da ke ciki shi ne ana tsokanar mai in'ina, ko gurgu, ko ana kwaikwayon Hausar wata ƙabila ba tare da an ba mutumin wani hali ba ban da rashin iya magana. Irin wannan ba shi da abin da za a tono a ƙarƙashinsa, kuma a kallo na biyu abin da ido yake kamawa shi ne fuskar wanda ake yi wa dariyar.

Idan na kusa da kai bai yi dariya ba

Na taɓa tafka kuskuren da nake gargaɗi a kansa. Akwai wani tsohon fim da na kalla har sau goma, na yi ta ba yayana labarinsa har na shawo kansa ya zauna mu kalla tare bayan sallar isha'i. Tun kafin a gama rubutun farko na fara ce masa, "Yaya, jira ka gani, yanzu za a zo wurin." Da aka zo wurin na riga ɗan wasan faɗin maganar, na fashe da dariya ni kaɗai, sannan na juya ina leƙen fuskarsa. Ya gyara zama ya ce, "To, ina jin ka, sai me ya faru?" Na mayar da fim ɗin baya don ya sake gani, na kuma shiga yi masa bayanin dalilin da ya sa abin yake da ban dariya. Bayan kamar minti ashirin ya miƙe ya ce gobe yana da sammako. A zama ɗaya na haɗa duk abubuwan da ba a yi: na cika yabon fim ɗin har ya zama dole ya gaza, na ƙwace masa bazatar da ita ce rabon mai kallon farko, na mayar da shi ɗan jarrabawa ta hanyar tsare shi da ido, sannan na yi wa barkwanci sharhi. Babban abin da na manta shi ne ni ina kallo na goma sha ɗaya ne, shi kuwa yana na farko, saboda haka ko da muna duban allo ɗaya ba abu ɗaya muke gani ba.

Don haka idan za ka nuna wa wani fim ɗin da kake ƙauna, ka taƙaita gabatarwa, ka ce masa kawai ga wani abu da kake jin daɗinsa. Ka zauna a gefensa ko a bayansa, inda ba zai ji idonka a kansa ba. Ka riƙe bakinka, ka bar dariyarka ta fito a lokacinta ba gabanin lokaci ba. Idan an ci rabin sa'a bai motsa ba, kai da kanka ka kawo shawarar a canja, domin kara za ta iya hana shi faɗa.

Sannan kada ka yanke masa hukuncin cewa ba shi da raha. Hausa da kanta ta rarrabe abin dariya gida-gida, akwai zolaya, akwai ba'a, akwai gatse, akwai shaguɓe da habaici, akwai baƙar magana, akwai kwaikwayo, akwai wauta zalla irin ta faɗuwa da guje-guje, kuma da wuya ka sami mutumin da duka suke ba shi dariya daidai wa daida. Wanda yake mutuwa a kan baƙar magana yakan ga faɗuwa a kwata wasan yara ne, shi kuma mai son guje-guje yakan ji gatse ya wuce shi bai ma san an yi ba. Yayan nan nawa daga baya na lura cewa abin da yake kayar da shi shi ne dattijon da zai faɗi magana mai nauyi da fuskar jana'iza, ba ya ko ƙifta ido, irin wadda sai an yi taku uku kafin a gane an yi zagi. Fim ɗin da na kawo masa kuwa ihu ne da tsalle daga farko har ƙarshe.

A 2010 wasu masana biyu a Jami'ar Colorado, Peter McGraw da Caleb Warren, sun kawo bayanin da nake ganin yana da amfani a nan. A wajensu abu yakan ba da dariya ne idan ya keta wata ƙa'ida, amma a lokaci guda mai kallo yana jin ketawar ba ta da illa. Idan babu ketawa abin ya yi lami, idan kuma ketawar ta yi zafi sai ta zama ɓacin rai. To iyakar da ke tsakanin biyun ba wuri ɗaya take ga kowa ba. Fitowar mai bin bashi da tabarma abin dariya ce ga wanda ba a bin sa ko sisi, amma mutumin da ya kwana yana tunanin kuɗin haya zai iya kallonta cikinsa yana ƙullewa. Wasan da ake yi da malamin tsibbu na bogi yakan ba wani dariya, wani kuma ya ji an taɓa mutuncin malamai gaba ɗaya. Al'adarmu ta daɗe da sanin haka, shi ya sa ta tsara wa zolaya hanyoyinta: Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, Bagobiri da Bayarabe, taubashi da taubashi, kaka da jika, kowannensu yana da lasisin faɗa wa ɗan uwansa maganar da idan wani bare ya faɗa sai an kai ga raba faɗa. A 2014 hukumar UNESCO, mai kula da ilimi da al'adu a Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya irin wannan wasa na al'ummomin Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun da duniya take alfahari da su. Maganar ɗaya ce, abin da yake sauya ta shi ne wanda ya faɗa da wanda aka faɗa wa, kuma haka abin yake a gaban talabijin.

Wannan ya kawo mu ga kunya, wadda take hana dariya ko da abin ya kai a yi. Fim ɗin da ka kalla da abokanka kuna buga ƙafa, idan ka kunna shi a gaban mahaifinka ko surukarka za ka ji maganganun da ba ka taɓa lura da su ba, kuma kowannenku zai kafa wa bango ido har fitowar ta wuce. Kafin ka sa fim a zaman da ya haɗa manya da yara, ka sake bin sa kai kaɗai da kunnen wanda ya fi kowa girma a wurin. Ka kuma tuna cewa dattijo zai iya jin daɗin abu ƙwarai amma girma ya hana shi ɓarkewa a gaban 'ya'yansa, iyakarsa ya girgiza kai ya ce, "Allah ya shirya wannan yaro," kuma wannan a wajensa dariya ce cikakkiya.

Idan zaman ya haɗa mutanen da harshensu ko shekarunsu suka bambanta, barkwancin jiki ya fi saurin haɗa kan jama'a, saboda ba ya bukatar fassara. Shirin Mista Bin na Rowan Atkinson, wanda aka yi a Ingila daga 1990 zuwa 1995, kashi 15 ne kacal, amma har yau ana maimaita shi a ƙasashen da ba a jin Turanci, domin kusan babu magana a cikinsa. Barkwancin harshe kuwa ba ya tafiya nesa da gida. Wanda ya koyi Hausa da girmansa zai iya fahimtar kowace kalma a maganar Samanja amma ya rasa abin dariyar, saboda bai san yadda ya kamata a faɗe ta daidai ba balle ya ji inda aka karya ta. Haka mu ma muke yi da cali-calin finafinan Indiya, mukan yi dariyar idonsa da tsallensa, wasan kalmomin da ya sa 'yan ƙasarsa suke riƙe ciki kuwa ya wuce mu sai abin da mai fassara ya ƙirƙiro a madadinsa.

Abu na ƙarshe da za ka yi ya fi sauran wuya, wato ka tambayi wanda bai yi dariyar taka ba abin da shi yake ba shi dariya, ka kuma zauna ka kalla da zuciya ɗaya. Ka ba abin nasa irin damar da kake nema wa naka, ka kalle shi sau biyu da tazara a tsakani, a karo na biyun ka ɗauke ido daga mai magana ka duba mai sauraro. Idan ya yi dariya a wurin da kai ba ka ga komai ba, kada ka tambaye shi dalili a lokacin, ka riƙe wurin a ranka ka koma masa daga baya kai kaɗai. Da na yi haka da wani tsohon wasan talabijin da yayana yake so, kallon farko barci ya kusa ɗauke ni, domin dattawa biyu ne kawai zaune a kan tabarma suna magana a hankali. A karo na biyu na lura cewa duk lokacin da ɗayan ya fara yabon kansa, ɗayan yakan ɗauko goro ya ɓare ya miƙa masa ba tare da ya dube shi ba, don dai bakinsa ya sami abin yi. Na kira yayana a waya na ce, "Yaya, ashe goron nan toshe masa baki yake yi?" Ya yi dariya har da tari, sannan ya ce in sake kallo in duba abin da mai goron yake yi da carbinsa.